Yadda Ake Gwada Manhajar Taswira da ta Ofis Kafin a Zaɓi Wadda Za Ta Zauna a Waya

Da wuya mako ya wuce wani bai miƙo mini waya a shago ya ce, "Malam, wadda ta zo da wayar zan riƙe ko in sauke wata?" ba. Na daɗe ina buga wa mutane takardu a nan Sakkwato, ina kuma saita wa masu sababbin wayoyi, kuma amsar da nake bayarwa ba ta canza ba: kawo hanyar da ka saba bi, kawo takardar da kake aiki da ita, mu gwada. Gani ya kori ji. Manhajar da ta yi wa ɗan Legas aiki ba lallai ta san lungunan Kanwuri ba, wadda kuma ke buga Turanci tsaf tana iya mayar da ƙ da ɗ ƙananan akwatuna.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. iPhone tana zuwa da Apple Maps, kuma Pages da Numbers da Keynote kyauta ne gare ta. Wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung suna zuwa da Google Maps da Google Drive, wasu har da WPS Office. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su da manhajojin Google, sai Petal Maps. Kada ka ɗauka zuwa tare da waya shaida ce ta inganci. A 2012 Apple ya cire taswirar Google daga iPhone ya sa tasa, kurakuran suka yi yawa har shugaban kamfanin, Tim Cook, ya fito ya ba da haƙuri. Daga baya sun gyara da yawa. Haka nan wadda aka sauke daga waje ba ta fi don kawai an sha wahalar sauke ta.

Kayan da za ka tanada

Wayarka da caji aƙalla kashi 80 cikin ɗari.
Data kamar gigabait 1, ko wurin da za ka samu wayifai. Idan kuɗi sun yi kaɗan, sayi datar dare ka yi duk sauke-sauken a lokacin.
Fili a cikin waya, shi ma kamar gigabait 1. In ta cika, kwashe bidiyoyin WhatsApp tukuna.
Takarda da biro. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, bayan gwaji uku za ka rikita wace ce ta yi me.
Fayil biyu naka na gaske: takardar Word ɗaya, da jadawalin lissafi ɗaya na Excel.
Aboki mai babur, ko kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa.
Shagon da kake buga takardu, da ɗan canjin buga shafi huɗu ko biyar.

1. Rubuta ainihin aikin da kake so ta yi maka

A saman takardar rubuta abu uku kacal. Mai kai saƙo a babur zai rubuta: ta gane unguwa, ta yi aiki ba data, kada ta cinye caji. Ɗalibi mai rubuta furojet zai rubuta: shafuka kada su hargitse, ta yi ajiya da kanta, ta fitar da PDF. Dillalin albasa kuwa abin da ya dame shi lissafin buhuna da sunayen masu bashi. Daga nan ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, gida ɗaya na wadda ta zo da waya, gida biyu na baƙi, wato waɗanda za ka sauke.

Kada ka gwada fiye da baƙi biyu a kowane ɓangare. Na ga masu sauke manhaja shida lokaci guda, wayar ta yi nauyi, su ɗora wa manhajojin laifi.

2. Sauke abokan gwajin daga inda ya dace

A ɓangaren taswira, mai iPhone ya sauke Google Maps. Mai Android ya sauke Organic Maps ko OsmAnd. Waɗannan biyun suna ɗaukar bayanansu daga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda masu sa kai ke zanawa, don haka idonsu daban ne da na Google. Akwai Waze, wadda Google ya saya a 2013, amma ƙarfinta yana ga rahoton da direbobi ke turawa a kan hanya, kuma sai da intanet take aiki sosai. Ni ban cika sa ta cikin gwajin mutanenmu ba sai ga mai yawan zuwa Abuja ko Legas.

A ɓangaren ofis, ka zaɓa tsakanin Microsoft Word da Excel, Google Docs da Sheets, da WPS Office. Mai son wadda ba ta neman ya buɗe asusu ya duba Collabora Office, wadda aka gina a kan LibreOffice, wata manhajar ofis ta kyauta.

Gargaɗi a nan: daga Play Store ko App Store kaɗai za ka sauke. Kada ka karɓi wadda aka turo maka ta Xender ana cewa "an buɗe ta, komai kyauta". Manhajar ofis ita ke ganin takardun makarantarka da lambobin asusun abokan cinikinka, wadda wani ya taɓa cikinta ba abin yarda ba ce. Idan ta nemi izini, taswira a ba ta wurin da kake yayin da take buɗe kawai. Ta ofis kuwa fayiloli ne haƙƙinta, da kyamara in za ka ɗauki hoton takarda. Ba ruwanta da saƙonninka ko lambobin mutanenka.

3. Gwajin suna, kana zaune

Wannan ba ya buƙatar ka motsa. Zaɓi wurare goma da ka sani kamar tafin hannunka, ka nemi kowanne a kowace taswira. Biyar su zama sanannu: Fadar Sarkin Musulmi, Hubbaren Shehu, Babbar Kasuwa, filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Biyar kuma su zama na rayuwarka: masallacin unguwarku, makarantar yaranka, wani kemis a Mabera, gidan mai a Arkilla, layin gidan surukanka a Runjin Sambo.

Manyan wurare kusan kowace taswira za ta kawo su. A ƙananan ne ake rabuwa. Ka lura da abu biyu. Na farko rubutun suna: gwada da Hausa, ka sake gwadawa yadda ake rubutawa a takardun gwamnati, Sakkwato da Sokoto, Ƙofar Rini da k mai ƙugiya da kuma k maras ƙugiya. Na biyu, kada ka tsaya a ganin sunan ya fito, matso da taswirar ka ga inda ta dasa alamar. Sunan Danfodiyo kaɗai yana iya kai ka wuri uku: mazaunin jami'a na dindindin da ke hanyar Dundaye, tsohon mazauni na cikin gari, da asibitin koyarwa. Baƙon da ya zo duba maras lafiya ya danna na farkon da ya gani, sai ya tsinci kansa a bayan gari.

Kowane wuri da ta samu daidai ba ta maki ɗaya. Wanda ta kawo suna amma ta dasa shi a wani layi, sifili ne, don ya fi rashin samu cutarwa.

4. Gwajin hanya

Yanzu a hau babur. Zaɓi hanyar da ka san gajerarta da doguwarta, misali daga Gawon Nama zuwa Tsohuwar Kasuwa. Kai za ka zauna a baya da waya, abokinka ya tuƙa. Kada ka tuƙa kana kallon waya. Rubuta adadin cajin kafin ku tashi. Ku je da manhaja ɗaya, ku dawo da ɗayar.

Kafin ku tashi tsaya a fili kamar minti ɗaya har shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake ya natsu. Waya tana gane wurinta ne daga saƙon taurarin ɗan'adam, rufin kwano da rumfunan kasuwa kuma suna tare saƙon. Idan ɗigon yana da faffaɗan da'ira kewaye da shi, wayar ba ta tabbatar ba tukuna. Idan kibiyar tana kallon gabas alhali kana fuskantar yamma, juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 sau uku ko huɗu.

A hanya ka duba waɗannan. Ta san titin da aka raba biyu, ko tana cewa ka karya inda babu wurin karyawa? Tana faɗin kwana tun kafin a iso, ko sai an wuce? Sannan ka ce wa abokinka ya saɓa mata da gangan, ya shiga wani layi, ka ƙirga daƙiƙa nawa za ta ɗauka kafin ta sake lissafi. Wannan gwajin ya fi duk sauran nuna halin taswira, don a tafiyar gaske kuskuren kwana ba ya ƙarewa. Mai amfani da Google Maps ya duba alamar babur a saman allo, tun 2019 aka kawo wannan tsarin Najeriya, kuma hanyar da yake bayarwa takan bambanta da ta mota.

Zafin garinmu ma yana cikin gwajin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayar da aka ɗaure a kan babur cikin rana tana kunna taswira za ta yi zafi har ta rage hasken allo ko ta daina caji. Taɓa bayanta idan kun isa, ka rubuta wadda ta fi gasa ta.

5. Kashe data ka sake gwadawa

A ganina nan ne zaɓin yake yankewa ga duk mai fita wajen gari. Da ka nufi Illela, ko Wurno, ko ƙauyukan Tambuwal, akwai inda sabis zai ɗauke. Mutane da yawa ba su san gane wuri ba ya cin data ba. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar da ake saukowa da shi. In ka ajiye shi a waya tun daga gida, shi ke nan.

A Google Maps, taɓa hotonka da ke sama a dama, shiga "Offline maps", ja akwatin ya rufe Sakkwato da garuruwan da kake zuwa, ka sauke. A iPhone, Apple Maps ta samu irin wannan ne daga iOS 17 a 2023, mai tsohuwar waya da ba ta kai nan ba dole ya nemi baƙuwa. Organic Maps da OsmAnd kuwa tun asali haka aka gina su, da ka buɗe za su nemi ka sauke yankinka.

Bayan ka gama, kashe data da wayifai gaba ɗaya, ka sake neman wuraren nan goma, ka kuma nemi hanya. Za ka tarar Google Maps ba data tana ba da hanyar mota kaɗai, babu ta ƙafa, babu launin cunkoso. Organic Maps tana ba da ta ƙafa da ta keke ko babu intanet, sai dai sau da yawa shagunan da ta sani ba su kai na Google ba. Ka tuna kuma taswirar da aka ajiye a Google Maps tana da wa'adi, sai ana sabunta ta.

Idan wayarka ƙarama ce mai Google Maps Go, wannan sassauƙar ce, ba ta da wasu abubuwan babbar. Haɗa ta da Organic Maps sai ta wadatar.

Abu ɗaya babu taswirar da za ta yi maka. Ba ta san gulbi ya cika ba, ba ta san hanyar da direbobi suka daina bi bayan la'asar saboda matsalar tsaro ba. Ita gajerar hanya take nema. Kafin ka bi ta cikin daji, musamman gabashin jiha, je tasha ka tambayi direbobin layin. Matambayi ba ya ɓata.

Ga gidajenmu da ba su da lamba, koyi tura wuri. Danna ka riƙe a kan taswira inda gidan yake, lambobi biyu za su fito, ka kwafa ka tura. A cikin garin Sakkwato ta farko tana farawa da 13, ta biyu da 5. Ka ga an turo maka akasin haka, an juya su ne. Lambobin nan kowace taswira tana karanta su, ko ta wane kamfani ce, shi ya sa na fi son su idan ana gayyatar ɗaurin aure ga baƙi masu waya iri-iri.

6. Shirya takardar gwaji

Mun koma ɓangaren ofis. Yi kwafin fayil ɗinka, kada ka taɓa na asali. A cikin kwafin ƙara abubuwan da ke kayar da manhajoji a nan: jimla mai ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, kamar "Ɗalibai sun ɓata ƙofar Ƙaura", layi ɗaya na Larabci, ko da basmala ce, alamar naira ₦ da adadi a gabanta, ƙaramin jadawali mai gida huɗu, hoto ɗaya, da lambar shafi a ƙasa. Idan allon rubutunka ba shi da haruffa masu ƙugiya, sa Gboard, allon rubutun Google, ka ƙara Hausa cikin harsunansa.

Buɗe takardar a kowace manhaja, ka ƙara jimla ɗaya, ka ajiye da sabon suna. Rubuta yawan shafukan da kowace ta nuna. Idan takardar shafi 12 ce a kwamfuta ta koma 13 a waya, dalilin yawanci salon harafi ne. Wayar ba ta da Times New Roman ko wanda aka yi aikin da shi, sai ta sa mai kama da shi, faɗinsu kuma ba ɗaya ba, layuka su ture juna.

7. Kai ta wurin bugawa

Allon waya yana ɓoye aibi. Tura duka kwafin zuwa shagon bugawa, a buɗe su a kwamfuta, a buga shafin da ke da jadawali da Larabcin.

Wata rana wani malamin Islamiyya ya zo mini da sakamakon jarrabawar ɗalibansa, ya kwana biyu yana shirya shi a waya. Da na buɗe, sunayen Larabcin sun juya, gidan maki ya gangara shafi na gaba, duk sunan da ke da ɗ ya zama akwati. Ya dafa tebur ya ce, "Ɗana, wallahi a wayata lafiya lau yake." Na ce, "Gaskiya ne Malam, Allah ya gafarta. Ba ni wayar." Daga cikin manhajar da ya yi aikin muka fitar da shi a PDF, ya fito yadda ya tsara shi, harafi bai motsa ba. Tun daga ranar PDF yake turowa.

To ka riƙe wannan: abin da za a buga ko a karanta kawai, PDF. Abin da wani zai gyara, kamar furojet da malami zai duba, docx, tsarin da Word ke amfani da shi tun 2007. Mai iPhone ya kula sosai, fayil ɗin Pages ba ya buɗuwa a Word. Sai ka shiga "Export" ka zaɓi Word ko PDF kafin ka tura. Ka gwada a kowace manhaja taɓawa nawa ake yi kafin PDF ya fita, ka kuma duba ko ta nemi kuɗi ko ta manna tambarinta a shafin.

8. Gwajin lissafi

Buɗe sabon jadawali. Gida na farko sunan mai saye, na biyu yawan buhuna, na uku farashi, na huɗu rubuta =B2*C2, wato buhuna sau farashi, a ƙasa kuma =SUM(D2:D6) don haɗa jimla. Duk manhajojin za su yi wannan. Abin dubawa shi ne sauƙin aikin da babban yatsa, kana tsaye a kasuwa.

Tarkon yana ga lambobi. Rubuta lambar waya mai farawa da 080, za ka ga sifilin farko ya ɓace, don manhajar ta ɗauka adadi ne. Haka zai faru da lambar asusun banki mai lamba 10 idan da sifili ta fara, kuma wannan kuskure ne da ke iya tura kuɗi inda ba a nufa ba. Maganinsa ka mayar da gidan zuwa "Text" kafin ka rubuta, ko ka fara da alamar ' sannan lambar. Gwada kwanan wata ma: rubuta 3/4/2025 ka ga ko ta ɗauke shi 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris irin na Amurka. In ta juya, gyara yankin a saitin waya ko na fayil ɗin zuwa Najeriya ko Birtaniya.

9. Kashe data, sannan ka duba inda take ajiya

Kamar taswira, kashe data ka buɗe takardar, ka gyara, ka ajiye. Google Docs tana son ka sa wa fayil alamar "Make available offline" tun da sauran data. Word da Excel suna barin ka yi gyara kyauta a na'urar da allonta bai wuce inci 10.1 ba, amma sai ka shiga da asusun Microsoft, babban tablet kuwa sai da biyan kuɗi. WPS ta kyauta tana da talla, ka ƙirga sau nawa ta tare ka cikin minti goma ka ga ko za ka iya jurewa.

Sai tambayar da mutane ba sa yi sai waya ta faɗa ruwa ko an sace: ina takardun suke? Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke ci. iCloud na Apple da OneDrive na Microsoft gigabait 5 kowanne. Ara wayar wani ko kwamfutar shago, shiga asusunka, ka ga ko takardar gwajin tana can. In ba ta nan, a wayar kaɗai take zaune. Kada ka manta ka fita daga asusun kafin ka tashi.

10. Tara maki ka share sauran

Shiga saitin waya ka duba data da caji da kowace ta ci yau, ka ƙara a takardarka. Sai ka koma kan abu ukun nan da ka rubuta a mataki na farko, su ne alƙalai, ba kyan launi ba.

Shawarata ga yawancin masu zuwa wurina ita ce taswira biyu, ta ofis ɗaya. Taswira biyu don kowace tana rufe ramin 'yar'uwarta, ɗaya ta cikin gari da neman shaguna, ɗaya ta hanyar ƙauye. Ta ofis kuwa ɗaya, domin takardar da ke yawo tsakanin manhaja uku kowace sai ta ɗan taɓa tsarinta, ƙarshe ka rasa wane kwafi ne na gaskiya. Idan maki ya zo kunnen doki, riƙe wadda ta zo da wayar, ka huta da cin fili.

Wadda ta faɗi, in baƙuwa ce, kwashe fayilolinka daga cikinta tukuna sannan ka goge. In ta zo da waya ce, sau da yawa ba ta goguwa, sai dai ka shiga saiti, ɓangaren manhajoji, ka danna "Disable". Daga nan taɓa kowane fayil na Word a WhatsApp, wayar Android za ta tambaye ka da wace za ta buɗe, zaɓi gwanarka ka danna "Always". In a baya ka taɓa ba wata wannan matsayin bisa kuskure, shiga bayananta a saiti ka danna "Clear defaults", tambayar za ta dawo.

Takardar makin kuma ɗauki hotonta ka ajiye tare da fayil ɗin gwajin. Ranar da ka canza waya, ko aka yi wa manhajar babban sabuntawa, da su za ka sake gwadawa, kuma karo na biyu ba ya wuce tsakanin la'asar da magariba.